Darasi na 9: Ƙaiƙayin Gaba da Ya Ƙi Jin Magani

A wurin mata da yawa, duk ƙaiƙayin gaba sunansa sanyi. Mace za ta je kemis ta ce a ba ta maganin sanyi, ta sha, ta cusa, ta shiga ruwan bagaruwa. Ya lafa kwana biyu, ya dawo. Wata sai ta shekara biyar a haka, kunya ta hana ta nuna wa kowa. Wannan darasi ya shafi cuta biyu da ke sa ƙaiƙayi a wuri ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban, kuma sukan haɗu a jikin mace guda.

Cuta ta farko

Likitoci na kiranta laikin sikilerosus. A ajinmu za mu ce mata farin ciwon fatar gaba. Fatar wajen farji takan yi fari-fari, ta yi laushi, ta yamutse, wani lokaci har ta zagaye dubura. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Fatar na tsagewa, fitsari ya yi zafi, kwanciyar aure ta zama azaba. Ba ta shiga cikin farji, iyakarta waje.

An fi ganinta ga matan da suka daina al'ada, sai kuma ƙananan 'yan mata da ba su balaga ba. Ba a ɗaukarta daga miji ko kishiya ko banɗaki, kuma ƙazanta ba ta kawo ta. Ba kuturta ba ce. Likitoci na danganta ta da garkuwar jiki da ke juyawa ta taɓa fatar mai ita. Ba ta warkewa dungurungum, amma tana kwanciya sosai idan an bi magani. Idan aka bar ta, fata na iya mannewa, ƙofar farji ta tsuke.

Cuta ta biyu

Ita ce kandida, dangin funfuna. Tana zaune a jikin mutane da yawa ba tare da matsala ba, sai ta samu dama ta yi yawa. Kusan mata 3 cikin 4 na gamuwa da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Alamarta farin ruwa mai kauri, guda-guda, wanda ba shi da wari sosai, da ja da kumburi da raɗaɗi. Juna biyu, ciwon suga, da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin duk suna buɗe mata hanya.

Karatu

Wata dattijuwa mai farin ciwon fatar gaba ta koma asibiti wata biyu bayan an ba ta man shafawa. Ga hirarta da malamar asibiti.

"Sannu Iya, ya jikin?"

"Da sauƙi, 'yata. Da na fara shafawa har barci na samu. Amma makon jiya ƙaiƙayin ya dawo, ga farin ruwa. Sai na ajiye man. Surukata ta ce irin na bilicin ne, zai cinye min fata."

"Iya, bari mu ɗauki ruwan a auna. Ina zaton kandida ce ta shigo. Za mu ba ki nata maganin, man kuma ki ci gaba da shi kamar yadda aka tsara."

Man da ake shafawa

Babban maganin farin ciwo shi ne man sitiroyid (sinadarin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi da ake kira kulobetasol, mai ƙarfin 0.05%. Ɗaya daga cikin sunayensa na kasuwa shi ne Dermovate. Tsoron surukar Iya yana da dalili, domin wannan sinadari yana cikin wasu mayukan da ake sayarwa don hasken fata, kuma mun ga yadda suka lalata fuskoki da hannaye. Amma waɗancan ana lafta su a jiki duka, safe da yamma, shekara da shekaru. Nan kuwa ɗan kaɗan ne, a ƙaramin wuri, bisa lissafi. Cutar da kanta ita ke sirantar da fata tana sa ta tabo, man ne ke tsayar da ita. Abin takaici ne a ga mace ta samu maganin da ya dace, tsoro ya sa ta jefa shi ƙarƙashin gado.

Tsarin da Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta fitar a 2018, wanda likitoci da yawa ke bi, wata uku ne. Watan farko kullum sau ɗaya. Wata na biyu a shafa yau a tsallake gobe. Wata na uku sau biyu a mako. Daga nan sai likita ya sake dubawa. Mata da yawa sukan ci gaba da sau ɗaya ko biyu a mako don kada ta tashi. Idan likitanki ya ba ki wani tsari dabam, nasa za ki bi.

Ki shafa da dare, bayan sallar isha'i da tsarkin ƙarshe, don kada ruwa ya wanke shi. Ki wanke hannu. Ki matso kamar ƙwayar wake a kan yatsa. Ki ɗauki ƙaramin madubi ki ga inda ya yi fari, ki murza a hankali har ya shige. Kada ki cusa ciki. Tub mai giram 30 ya kamata ya kai ki kusan wata uku. Idan ya ƙare cikin mako biyu, kina sa da yawa. Idan aka ba ki zaɓi, mai maiƙo ya fi farin kirim, domin bai kai shi raɗaɗi ba. Ɗan zafi a kwanakin farko, musamman inda fata ta tsage, ba abin tsoro ba ne.

Idan suka haɗu

Sitiroyid na kwantar da garkuwar fata a inda aka shafa shi, shi ya sa kandida kan samu shiga. To ta yaya za ki gane? Idan kina samun sauƙi, sai kwatsam ƙaiƙayi ya taso da farin ruwa da ja, ki yi zargin kandida. Kada ki ƙara yawan man, domin ba ya kashe ta. Kada kuma ki daina da kanki. Ki je a auna. Maganinta ko dai kulotirimazol na cusawa, kamar Canesten, ko ƙwayar fulukonazol mai miligiram 150 ta sha. Mai juna biyu kada ta sha fulukonazol, na cusawa ake ba ta. Idan kandida ta dawo sau 4 a shekara, ki nemi a auna miki suga.

Ki guji mayukan kemis da ake cewa suna maganin komai, masu haɗin sitiroyid da wasu magunguna a tub ɗaya. Suna ɓoye alamu, likita ya kasa gane abin da ke damunki.

Kula ta kullum

Tsarki da ruwa zalla ya wadatar. Sabulu mai ƙamshi, Dettol, alif, ruwa mai zafi sosai, turaren tsugunno da kayan matsi duk suna ƙara ƙona fatar da ke ciwo. Ki dafa tsumma mai laushi ki busar, kada ki goge da ƙarfi. Ki shafa basilin fari da rana, musamman idan fitsari na ɗigo miki. Kamfai na auduga, marar matsewa.

Ki duba kanki da madubi sau ɗaya a wata. Gyambo ko ƙullutu ko wuri mai tauri da ya wuce mako biyu bai warke ba, ki kai wa likitan mata ko na fata ba tare da jira ba. Ƙasa da mata 5 cikin 100 masu wannan ciwo ne yake rikiɗe musu zuwa ciwon daji (kansa), kuma bin magani na rage wannan haɗari.

Aikin aji

Ki ɗauki littafinki ki ja layi bakwai, ki rubuta ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar. Ki sa alama a ranakun da mace za ta shafa man a wata na biyu, sannan ki zaɓi ranaku biyu na wata na uku. A ƙasa ki rubuta jimla uku da za ki faɗa wa malamar asibiti: yaushe ƙaiƙayin ya fara, ko akwai ruwa, da magungunan da kika riga kika gwada. Ki karanta wa wadda ke kusa da ke da murya.