Yadda za ka kwatanta wa yaro tarantula da farin beyar

'Yar yayata ce ta dawo daga makaranta a Unguwar Rimi da aikin gida, wai ta kwatanta gizo-gizon tarantula da farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama da ke zaune a yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, ta rubuta "wannan ƙarami wannan babba" ta ajiye biro. Na ce a'a 'yata, ɗauko takarda ki ja layi a tsakiya.

Ka fara da jiki. Tarantula ƙafa 8, ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne ke riƙe shi, shi ya sa in zai girma sai ya yi saɓa kamar maciji. Jikinsa bin zafin wuri yake, kuma yana iya yin watanni bai ci komai ba. Beyar kuwa shi ke ɗumama kansa, gashi mai kauri, fata baƙa a ƙasan gashin, ga kitse, namiji kan kai kilo 600 har sama.

Sai haihuwa, nan ne nake so ka daɗe don nan maganar take. Macen tarantula tana zuba ƙwai ɗaruruwa a cikin jakar da ta saƙa, wasu nau'in ma macen tana shekara 20 zuwa sama, amma fa suna jinkirin balaga, to in masu kamawa su sayar wa masu kiwo a Turai da Amurka suka kwashe manyan mata daga rami guda guda sai wurin ya daɗe bai farfaɗo ba, dalilin da ya sa aka saka nau'in Brachypelma na Meziko cikin yarjejeniyar CITES ke nan, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Macen beyar yawanci 'ya'ya 2 take haifa ta yi rainonsu sama da shekara 2, kowane ɗa ɗaya ya mutu babban rashi ne.

Wurin ƙanƙara kar ka tsaya dogon bayani, nuna masa. Na sayo ƙanƙara wajen mai shago na saka a faranti da ruwa, na ɗora murfin kwalba a kai na ce wannan ne beyar, a kan ƙanƙarar teku yake tsayawa ya farauci sil, wata dabbar ruwa mai kitse. Muka bar shi a rana, kafin la'asar murfin na yawo a ruwa, yarinyar ta yi shiru.

Ƙarshe ka tambaye shi wa zai kare kowanne. Tarantula akwai nau'i sama da 1,000, kowanne da dajinsa, in an hana sare daji da fasaƙwauri an taimaka. Beyar kuwa tun 1973 Kanada, Amurka, Norway, Denmark da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Oslo kan taƙaita farautarsa, sai dai takardar ba ta hana ɗumamar yanayi narkar da ƙanƙara ba, abin da ya fi damuna ke nan wallahi. Ka bari yaron ya rubuta wannan sashen da kalmominsa, kar ka karɓe biron.