Yadda za ka riƙe wasa biyu a jami'ar Amurka

Ƙanena, in Allah ya ba ka gurbi a jami'ar Amurka kuma kana son wasa biyu, fara duba kalanda. Zari-ruga irin ta Amurka daga ƙarshen Agusta take zuwa Janairu, besbol kuma daga Fabrairu zuwa Yuni. Abin da ya ba shahararren ɗan wasa Bo Jackson damar buga duka biyun ke nan a Jami'ar Auburn daga 1982, har yana taɓa tsere a tsakani. Wasannin da lokacinsu ya zo ɗaya kuwa, haƙura da guda.

Kafin ka sa hannu a takardar tallafin karatu, sa kociyoyin biyu su zauna su yi magana, kana wurin. Wa ke da kai a watan Maris, lokacin da 'yan zari-ruga ke atisayen bazara, 'yan besbol kuma na tsakiyar gasa? A rubuta amsar. Alkawarin baki ba ya tsira ranar da koci ya matsu.

Ka san dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Sa'o'i 20 ta ƙayyade a mako na atisaye da wasa, amma tafiye-tafiye da zaman jinya ba sa cikin lissafin, daga lokacin karatunka da barcinka za su fita.

Inda na fi jin tsoro shi ne karɓar alheri. A 1986, bayan Jackson ya ci kyautar Heisman ta 1985, wadda ake ba gwarzon ɗan zari-rugar jami'o'i, ƙungiyar ƙwararrun 'yan zari-ruga ta Tampa Bay Buccaneers ta ɗauke shi a jirgin saman mai ita don ya kai musu ziyara. Wannan tafiyar kaɗai ta haramta masa ragowar wasannin besbol na shekararsa ta ƙarshe. Ya ji zafin abin har ya ƙi buga musu, duk da shi suka fara zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa, ya tafi ƙungiyar besbol ta Kansas City Royals. Dokokin kuɗi sun sassauta daga 2021, amma ko tikitin jirgi aka miƙo maka, je ofishin da ke kula da bin doka a makarantarku ka tambaya tukuna.

Jikinka kuma ɗaya ne. Nemi hutun makonni tsakanin wasa da wasa, kada ka ɓoye ciwo don gudun benci. Jackson ya ji rauni a ƙugu a Janairun 1991, daga nan bai sake buga zari-ruga ba. Ya koma Auburn ya kammala digirinsa a 1995, cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Kai ka kammala naka tun tallafin yana biya.