Yadda za ka ɗau hoto a mol ba tare da sikiriti ya tare ka ba

Farko dai ka sa a ranka cewa mol ba titi ba ne, wurin wani ne da ya gina da kuɗinsa. Ko Ado Bayero Mall ta Zoo Road a Kano ko Jabi Lake Mall a Abuja, an buɗe maka ƙofa ne ka shigo siyayya, amma dokar ciki tasu ce. Toh tun daga bakin ƙofa ka duba ko an manna hoton kamara da jan layi a kai.

In babu, selfi ɗaya biyu da waya yawanci ba mai kula ka. Matsalar tana farawa ne in ka fito da babbar kamara da ƙafarta da fitila, ko kuka zo ku biyar za ku yi bidiyon TikTok a tsakiyar hanya. Wannan kam ka nemi ofishin manaja tukuna, ka faɗa masa me za ka ɗauka da inda za ka saka, wasu wuraren sai ka rubuto takarda, in talla ce ma har kuɗi za su caje ka.

Kar ka nuna kamara wajen kashiya, ko kamarorin tsaro, ko ƙofar baya da ake shigo da kaya. Ba wulaƙanci ba ne wlh, ɓarawo ma da haka yake fara nazarin wuri, kuma tun harin mol ɗin Westgate na Nairobi a Satumban 2013 da aka kashe aƙalla mutum 67, masu mol suka ƙara tsananta ido sosai.

Cikin shago kuma lissafin daban ne. Mai shago yana tsoron ka ɗau farashinsa ka kai wa maƙwabcinsa ya rage naira ɗari biyu ya janye masa kwastoma, ko ka ɗau sabon zane. Tambayi ƴan Kantin Kwari, kasuwar atamfa ta Kano, ka sha labari, atamfa ko leshi ya fito yana tashe, wani ya ɗauke hoton zanen ya tura Sin, kafin ka ankara an cika kasuwa da jabunsa a rabin kuɗi, shi kuwa mai asalin kaya dilolinsa na nan jibge a sito. Saboda haka ka buɗe baki ka ce "Alhaji dan Allah zan tura wa Hajiya ta zaɓa ne", da wuya ya hana ka, wani ma shi zai warware maka turmin da kansa ya riƙe gefe ɗaya.

Sai fuskokin mutane. Matar wani tana zaɓen pampas da goyo a bayanta, ka jefa ta a status, ai ka san rigima ka siya. Jira ta wuce.

In kuma sikiriti ya riga ya tare ka, kar ka fara "ka san ko ni waye". Nuna masa hoton amma wayar tana hannunka, in ya ce ka goge ka goge, in abin ya fi ƙarfinsa ka ce ya kira maka manaja.