Sababbin zuwa Alƙahira, ku fara da ƙirga kafin komai

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu da suka sauka kwanan nan don karatu a Azhar da sauran jami'o'in Masar. Duk wanda ya zo abin da yake fara tambaya shi ne maganar iƙama, wato izinin zama, da masauki, amma ni abin da na fi ganin yana wahalar da mutane a watan farko lissafi ne, ƙirgan kuɗi da lokaci da awo, don sai ka ga mutum ya haddace Alfiyya ta nahawun Larabci yana i'irabi tiryan-tiryan amma mai tumatir ya faɗa masa farashi ya tsaya yana kallonsa.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne rabin ƙirgan nan da shi ka taso. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, tis'in, duk daga Larabci muka aro su, kuma bakin Bamisire ya ma fi kusa da namu, shi ma talatin yake cewa da tamanin. Kakanninmu har metan suna cewa da arbaminya da hamsaminya. Matsalar jerin ne. Mu goma-goma muke fara faɗa, ashirin da biyar, su kuma ƙaramin suke sa wa gaba, hamsa wi ishrin. Akwai wani yaro da na raka neman gida a unguwar Hayyul Ashir, dillali yana karanto masa lambar waya bibbiyu yana rubutawa, da ya ce hamsa wi talatin sai yaron ya rubuta 53 maimakon 35, haka muka wuni muna kiran wata baiwar Allah da ba ta san zancen ba. To dan Allah in an faɗo maka lamba kar ka sa biro sai an kai ƙarshe.

Sai ɗaruruwa, nan ne fusha, wato Larabcin littafi, ba ta cetonka. Miyya, miten, tultumiyya, rub'umiyya, humsumiyya, suttumiyya, sub'umiyya, tumnumiyya, tus'umiyya. Ka lura da tultumiyya da tumnumiyya, 300 da 800 ke nan, a hayaniyar kasuwar Ataba wallahi kusan ɗaya suke a kunne. Haka hamastashar da hamsin, 15 da 50. Ba abin kunya ba ne ka miƙa masa wayarka ka ce ya danna maka, su kansu 'yan kasuwar sun saba.

Rubutun lambobin ma sai an zauna masa. Wanda ya yi Islamiyya ya saba ganinsu a lambar shafi da ayoyi, amma gani a Mus'hafi daban, karantawa a jikin motar da ke gudu daban. Biyar ɗinsu ٥ kamar sifilinmu take, sifilinsu kuma ɗigo ne kawai ٠, shida ٦ ta yi kama da bakwai ɗin boko, huɗu ٤ kamar 3 da aka juya mata baya, bakwai ٧ bakinta sama takwas ٨ bakinta ƙasa. Wanda ya fi cin mutane shi ne rubutun hannu, ukun da mai gida zai rubuta maka a rasit da biro tana kama da biyun da ka sani a littafi, don haka ka sa ya rubuta adadin da kalmomi a gefe kafin ka sa hannu. Kuma duk da Larabci daga dama ake karanta shi, lamba daga hagu take farawa kamar yadda ka saba.

Kuɗinsu fam ne, a baki gine suke cewa, kowane gine ɗaya irsh ɗari. Takardun gefe ɗaya Larabci da hoton masallaci, ɗaya gefen lambobin boko da kayan Fir'aunoni, in ka rikice juya kawai. Ka kula da takardar irsh hamsin, wato rabin gine, ita ma 50 ce rubuce a jikinta, akwai marasa tsoron Allah da ke cusa wa baƙo ita a canji a matsayin gine hamsin. Bikam shi ne nawa ne, fakka su ne ƙananan kuɗi, ba'i shi ne canjinka, ugra kuɗin mota. A ƙaramar bas ba kwandasta, daga baya ake miƙo kuɗi hannu da hannu har wurin direba, in ka zauna a tsakiya kai ne za a riƙa danƙa wa ana cewa itnen, talata, ma'ana na mutum biyu, na mutum uku, kuma kai za ka mayar da canji. In ka ji dillali ya ce bako dubu yake nufi, arnab kuma miliyan, ba zomo ba kamar yadda kalmar take nufi a Larabci. 'Yan uwanmu na Nijar su ma su ajiye lissafin dala da jika a gida, nan ba a ninkawa da biyar, abin da aka faɗa shi ne. Sannan kar ka riƙe farashin da wani ya gaya maka shekarun baya, tun da aka saki fam kasuwa ta yanke masa daraja a watan Maris na 2024 dalar Amurka ta tashi daga wajen 31 zuwa kusan 50, komai ya canza.

Lokaci kuma da sulusi da rubu'i suke faɗinsa, kalmomin da muka sani a darasin gado. Nuss rabi, rub' kwata, tilt minti ashirin, illa kuma saura. Arba'a illa tilt huɗu saura minti ashirin ke nan. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne talata wi nuss illa hamsa, 3:25, da talata wi nuss wi hamsa, 3:35, daga rabin awa suke aunawa. Watanni ma da lamba ake kiransu, shahr tis'a Satumba ce, ka riƙe wannan saboda ranar ƙarewar iƙamarka.

A kasuwa ba mudu ba tiya ba kashi, kusan komai kilo ne, har lemo da albasa. Nuss kilo, rub' kilo, sai tumn wato giram 125, da shi ake sayen cuku da garin gahawa. Dasta dozin ce. Masu shiga likitanci ko injiniya ko shekarar share fage, ku riƙe gam' tarawa, tarh ɗebewa, darb sau, ƙisma rabawa, za'id da naƙis alamar tarawa da ta ɗebewa, yusawi daidai da, fil miyya cikin ɗari, biliyan kuma milyar suke ce mata.

Unguwannin Madinat Nasr ɗin da yawancinmu ke zaune su ma lambobi ne, Sabi' ta bakwai, Tamin ta takwas, Ashir ta goma, yaron mota yana ihun Ashir Ashir ne kawai, kuma akwai wani gari daban can hanyar Isma'iliyya mai suna Ashir min Ramadan, don haka in a tashar Ramsis za ka hau ka tambaya Hayyul Ashir ne ko wancan kafin ka zauna.