Yadda Iyalin Soja Za Su Saba da Jos Bayan Sauyin Wurin Aiki Daga Kaduna

Idan aka yi wa maigida sauyin wurin aiki daga Runduna ta 1 da ke Kaduna zuwa Runduna ta 3 da ke barikin Rukuba a Jos, yara ne suka fi jin zafin rabuwa, domin abokan wasansu na bariki sun zama tamkar 'yan'uwa. Saboda haka, kafin a ɗaure kaya, a haɗa su da abokan nasu a kai su Lambun Gamji, su hau tsohuwar gadar Lugga, a ɗauke su hoto tare, a kuma wanke hoton maimakon a bar shi cikin waya. Uwargida ta bi maƙwabta gida-gida ta yi sallama, a yafi juna, ta karɓi lambobinsu.

Da an sauka Jos, sai ta fara da gaishe da Magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, wadda ta san kowace mace da inda ake samun komai, sannan ta zagaya kasuwar mami, wato kasuwar bariki, da yaran. A tanadi rigunan sanyi, domin hunturun Jos ba irin na Kaduna ba ne.

Fita ta farko kada ta yi nisa. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da gumakan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, kuma gidan namun daji yana daura da shi. A tafi da safe, a dawo kafin magariba, kuma a tambayi mazauna halin hanya tukuna. Ranar Lahadi a bar yara su kira abokansu na Kaduna su ba su labarin abin da suka gani.