Yadda Ake Auna Kifin Shawa a Bakin Teku Domin Sanin Ko Yana Raguwa

Tun da babu mai iya ƙidaya kifin da ke cikin teku, masu bincike sun dogara ne da abin da masunta suke saukewa a gaɓa. A tashoshin masunta na ƙasar Gana irin su Elmina da Tema, inda shawa ya yi ƙarancin da ya sa gwamnati ta hana masu kwale-kwale fita su na wata guda a 2019, irin wannan awo ne ke nuna halin da kifin yake ciki.

Mai awo ya fara gaisawa da sarkin masunta tun kafin ranar aiki, domin kifin dukiyar mutane ce. Kayan aiki ba su da yawa: allon awo mai santimita, sikeli, bokiti, wuƙa, takarda da fensir, saboda biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Wurin ɗibar kifin ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. A cika bokiti daga cikin kamun da zarar kwale-kwale ya iso, tun kafin mata 'yan kasuwa su ware manya da ƙanana, kuma kada a zaɓa da hannu, domin ido yakan karkata ga manya ko mutum bai yi niyya ba. Sannan a raba iri biyun da ake yawan cakuɗawa: Sardinella aurita mai zagayayyen jiki, da Sardinella maderensis wanda ya fi shi faɗi. A kwantar da kowane kifi a kan allo, bakinsa a rufe yana taɓa katakon gaba, a karanta tsawonsa zuwa inda wutsiya ta rabu biyu. Kifi 100 zuwa 200 sun isa daga kamu guda, amma gara a ɗebi kaɗan-kaɗan daga jirage da dama a kan a tara da yawa daga jirgi ɗaya.

Nauyin kamu shi kaɗai yana yaudara, don haka dole a tambayi shugaban jirgin awa nawa suka yi a ruwa, sau nawa suka jefa taru, yaya girman idon tarun yake, da kuma nisan da suka yi. Shawa yana tafiya ne a dunƙule, saboda haka ko ya ragu ƙwarai, masuntan da suka dace da gungu guda za su dawo da jirgi cike. Raguwar takan ɓuya ne a cikin man da aka ƙona da sa'o'in da aka ƙara, kuma a ganina wanda bai rubuta waɗannan ba bai yi rabin aikin ba.

Daga cikin bokitin a ware wasu a sa a ƙanƙara, a tsaga cikinsu a ɗakin gwaji. Ƙwan macen da ta balaga ruwan ɗorawa ne mai tsaki-tsaki, jakar maniyyin namiji kuwa fara ce sumul. Da haka ake gano tsawon da rabin kifin suke balaga. Idan akasarin abin da ake saukewa bai kai wannan tsawo ba, ana kama kifin tun bai hayayyafa ba ke nan.

Akwai wasu ƙananan duwatsu a cikin kan kifi waɗanda zobensu ke nuna shekaru, sai dai a tekun ƙasashe masu zafi zoben ba ya fitowa sosai. Shi ya sa ake maimaita awon tsawo kowane wata, a zuba alƙaluman a manhaja irin FiSAT ta FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke ƙiyasta girma da mutuwar kifin. A ci gaba aƙalla shekara guda cur, kuma kada a tsallake Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, shawa kuma ya fi zubar da ƙwai.