Ka San Bangon Kafin Ka Ɗauki Buroshi

Duk wanda ya zo sayen zanen hoto na bango wurina, kafin mu yi maganar kuɗi nakan tambaye shi inda za a rataye shi. Idan da hali, sai ya turo mini hoton wurin ta WhatsApp, har da kujeru da labule. Yawancin masu saye a Kano da Kaduna gyaran falo ko ofis ne ya kawo su, don haka bangon ne ke yanke girman aikin.

Kai mai koyon zane, fara da awo. Kujera mai cin mutum uku takan kai mita 2, zanen da zai hau samanta kuwa ya kama kamar kashi biyu cikin uku na tsawonta, wato wajen ƙafa 4. Wanda bai kai haka ba, bangon zai haɗiye shi. Ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin kan kujerar da gindin firam. In babu komai a ƙarƙashinsa, tsakiyar zanen ta zauna kamar santimita 145 daga ƙasa, daidai ido. Masu buga ƙusa a gidajenmu suna son kai shi can kusa da silin, sai mutum ya ɗaga wuya kafin ya gani. Ka je da kanka ranar ratayewa.

Siffa kuma abin da aka zana ne ke nuna ta. Hawan daba shimfiɗa yake so, don jerin dawakai da 'yan lifidi su sami wurin tafiya. Basarake da rawani a tsaye ya fi kyau, dagin Arewa kuma murabba'i.

Ga inda masu koyo suke asara: akwai gidaje da yawa da ba a rataye hoton abu mai rai. Kada ka ja musu, kada ka nemi rarrashi. Ka tanadi Ayatul Kursiyyu, da zayyana irin ta allon sauka, da marinar Ƙofar Mata ba mutane, da adon bangon tsofaffin gidajen Zariya. In aya ce, ka tabbatar wani mahaddaci ya duba rubutun kafin fenti ya bushe, domin wasali ɗaya ya isa a dawo maka da aiki.

Firam ya bi ɗakin. Hajiyar da ta zuba kujerun Turkiyya masu sassaƙa, firam mai kauri ruwan zinare take so, ko da ni a raina na fi son siririn baƙi. Ina ba ta abin da ta nema, sai dai in rage faɗinsa kada ya danne zanen. Banki da otal sun fi karɓar siriri, ko ƙyallen zanen da aka ja a kan katako ba firam. Aikin takarda yana buƙatar gilashi saboda ƙurar hunturu, amma ka sa kwali ya raba su. In takarda ta manne da gilashi, danshin damina zai sa ta fumfuna. Fentin mai ba ya son gilashi, gogewa da busasshen tsumma mai laushi ta wadatar. Katako kuma ka matsa wa kafinta ya ba ka busasshe, ɗanye yana lanƙwashewa da zarar iska ta kaɗa.

Baƙo mai hawa jirgi kada ka ɗora masa firam. Ba shi ƙarami da zai shiga akwati, ko ka naɗe ƙyallen, fentin yana waje, ka zura cikin bututun roba na famfo ka toshe bakinsa biyu.